Tsakanin Juji da Ƙofar Asibiti: Ina Uwar da Ta Kasa Riƙe Jaririnta Za Ta Nufa?

A zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (RA), wani mutum daga ƙabilar Banu Sulaim mai suna Sunainu, wanda ake yi wa alkunya da Abu Jamila, ya tsinci jariri a yashe, ya ɗauke shi ya kai gaban Halifa. Umar bai tarbe shi da yabo ba. Sai da ya titsiye shi a kan dalilin da ya sa ya ɗauki yaron, shi kuwa ya amsa da cewa ya same shi ne a bakin halaka. Da wakilin jama'arsu ya shaidi Sunainu da kirki, Halifa ya yanke hukunci nan take: yaron ɗa ne, ba bawan kowa ba ne, Sunainu ya tafi ya riƙe shi, ciyar da shi kuma yana kan baitulmali. Imamu Malik ya kawo wannan labari a Muwaɗɗa, a babin hukuncin yasasshen yaro, saboda haka duk ɗalibin da ya sauke littafin a zauren malaminsa, a Gummi ne ko a Anka, ya bi ta kansa.

Akwai mutum ɗaya da riwayar ta yi shiru a kansa, wato uwar jaririn. Ba a ce Halifa ya aika a bi gida-gida ana neman wadda ta haihu a daren jiya ba. Hankalin kowa a majalisar ya tattara ne a kan ran da aka tsinta, da wanda zai riƙe shi, da aljihun da za a ciyar da shi daga ciki.

Mu a yau da uwar muke farawa. Mai karatu ya san yadda labarin yake zuwa, domin ba ya daɗewa bai sake fitowa a jarida ko rediyo daga wani gari na Arewa ba: an tsinci jariri a kwata, ko a juji, ko a kango, wani lokacin ma a cikin masai. Kafin a nemo zanen da za a lulluɓe shi, wayoyi sun fito, hoto ya hau Facebook, tsinuwa ta fara sauka. Daga nan sai a shiga lissafin 'yar wane ce ta daina fitowa tun watannin baya. Yarinyar da ke ɓoye nata cikin a unguwar tana kallon wannan duka, kuma darasin da take ɗauka shi ne cewa idan ranarta ta zo, ta nemi wurin da ya fi wannan nisa da duhu.

Wurin da aka ajiye jariri shi ne yake raba rayuwarsa da mutuwarsa. Sabon haihuwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa. A jiƙe yake fitowa, kuma a daren hunturu irin na yammacin Zamfara sanyi kaɗai ya isa ya kashe shi kafin a kira assalatu. Cibiyar da ba a ɗaure ba tana zubar da jini, wadda aka yanke da tsohuwar reza kuma tana iya jawo cutar sarƙewar haƙora. Ga karnuka, ga cinnaku. Ita ma uwar da ta haihu ita kaɗai a bayan ɗaki, tana danne bakinta kada a ji, tana fuskantar zubar jini bayan haihuwa da jijjiga, waɗanda suke cikin manyan abubuwan da ke kashe masu jego a ƙasar nan. Sau da yawa rayuka biyu ne a kan siraɗi, ɗaya kawai muke gani a hoto.

To me zai faru idan ta yi ƙarfin hali ta naɗe shi ta kai asibiti, ta ce ga shi, ba zan iya ba? Kundin dokar laifuffuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, da ya fara aiki a 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7, ko tara, ko duka biyun, a sashe na 237, ga uba ko uwa ko mai riƙon da ya ajiye yaro ɗan ƙasa da shekara 12 a wani wuri da nufin rabuwa da shi kwata-kwata. Sashen bai ware asibiti daga sauran wurare ba. Musulmin Zamfara kuwa tun shekarar 2000 yana ƙarƙashin kundin laifuffuka na Shari'a da jihar ta riga kowa kafawa a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. Babu wani sashe, a nan ko a can, da ya yi wa uwa alkawarin cewa idan ta miƙa jaririnta lafiya a hannun ma'aikacin jinya ba za a kama ta ba. A idon mai jin tsoro, ƙofar asibiti da ƙofar caji ofis ɗaya suke.

Dokar Jariri Musa

Wannan giɓi ne wasu ƙasashe suka toshe da doka ta musamman. A Amurka, jihar Tekzas ce ta fara a 1999, bayan an yi ta tsintar jarirai a jere a birnin Hustan da kewayensa, wasu a mace. Gwamnan jihar na lokacin, Joj Bush ƙarami, ya sanya wa dokar hannu, mutane kuma suka laƙaba mata suna dokar Jariri Musa, suna nuni ga ƙissar da mu ma muka sani a Suratul Ƙasas, inda mahaifiyar Annabi Musa (AS) ta rabu da ɗanta domin ta tsirar da ransa. Abin da dokar ta ƙunsa kaɗan ne: uwa ko uba na iya miƙa sabon jariri a asibiti, ko ofishin 'yan kwana-kwana, ko wajen ma'aikatan agajin gaggawa, ba tare da an tilasta musu faɗin suna ba, kuma ba za a gurfanar da su a kan laifin yasar da yaro ba muddin babu alamar an cutar da shi. Zuwa 2008 duk jihohin ƙasar 50 sun yi irin tasu. Wa'adin ne ya bambanta: Kalifoniya ta ba da awa 72 daga haihuwa, Tekzas kwana 60, Dakota ta Arewa har shekara guda.

Jihar Nabraska ta zama abin misali a kan illar rubuta doka da gaggawa. Tata dokar ta fara aiki a watan Yulin 2008 ba tare da an ƙayyade shekarun yaron ba. Cikin 'yan watanni aka ajiye yara fiye da 30 a asibitocinta, mafi yawansu manya ne da suka san sunansu da na iyayensu, wasu ma daga wasu jihohi aka kawo su. Wani uba shi kaɗai ya bar 'ya'yansa 9 a wani asibiti a Omaha. Dole majalisar jihar ta yi zama na musamman a watan Nuwamba ta mayar da wa'adin kwana 30. Kuma ko a jihohin da suka tsara tasu da kyau, dokar ba ta kawo ƙarshen tsintar jarirai a bola ba, domin yarinyar da ta fi bukatarta sau da yawa ba ta taɓa jin labarinta ba.

Kada a ɗauka wannan tunanin Turawa ne kaɗai. A Pakistan, marigayi Abdus Sattar Edhi, wanda ya rasu a 2016, da matarsa Bilkisu, ma'aikaciyar jinya da ta rasu a 2022, sun shafe shekaru masu yawa suna ajiye ƙaramin gadon jarirai a ƙofar cibiyoyin gidauniyarsu, daga Karaci zuwa sauran garuruwa, suna roƙon duk wanda ya yi nufin kashe jariri ya ajiye shi a nan ya tafi. Wasu masu wa'azi sun zarge su da buɗe wa alfasha ƙofa, amma gadajen ba su gushe ba. A Malesiya, wata gidauniya mai suna OrphanCare ta buɗe irin wannan taga a 2010.

Jamus ta bi wata hanyar da, a ganina, ta fi kusa da abin da zuciyar malamin fiƙihu za ta natsu da shi. Bayan shekaru ana jayayya a kan akwatunan ajiye jarirai da aka fara kafawa a Hambag a 2000, ƙasar ta yi dokar haihuwar sirri da ta fara aiki a watan Mayun 2014. Mace tana haihuwa a asibiti da sunan aro, likita da ungozoma na kanta. Sunanta na gaskiya kuma ana rufe shi a ambulan a ajiye a wata hukumar tarayya, yaron yana da damar neman a buɗe masa idan ya cika shekara 16. Uwa ta sami sutura, yaro bai rasa hanyar sanin tushensa ba.

Abin da littattafanmu suka riga suka gama

Idan aka dawo gida, za a tarar malaman Malikiyya ba su bar komai a duhu ba game da yaron da aka tsinta, wanda suke kira laƙiɗi ko manbuzi. A Muhtasar na Shehu Halil, a ƙarshen babin tsintuwa, ɗaukarsa farilla ce ta kifaya: wani ya yi ta sauka daga kan saura, kowa ya wuce shi kowa ya yi laifi, wanda kuma ya gan shi shi kaɗai a inda ake jin tsoron halakarsa, ta zama a kansa. Yaron ɗa ne, kuma ana hukunta shi da Musulunci idan a garin Musulmi aka same shi. Ciyar da shi daga baitulmali ne. Idan hukuma ba ta bayar ba, ya faɗa kan wanda ya ɗauka, har namiji ya balaga yana iya nema, mace kuma har ta tare a gidan miji. Wanda ya ɗauka ba ya mayar da shi inda ya gan shi don ya gaji. Ana kuma so ya kafa shaida a kan tsintuwar, don kada wata rana ya yi da'awar ɗansa ne, ko a wancan zamanin, bawansa. Ibnu Sa'ad ya ruwaito cewa Umar yana yanka wa irin wannan yaro dirhami 100, da abincin wata-wata da mai riƙonsa zai riƙa karɓa.

Batun suna da gado ma a warware yake. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta hana jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba, kuma a cikinta aka faɗi matsayin wanda ba a san ubansa ba: ɗan'uwa ne a addini, majiɓinci ne. Mai riƙo yana iya yi masa kyauta yana raye, ko wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba. Matsalar muharramaka da ke hana gidaje da yawa karɓar jariri, shayarwa tana warware ta, a mazhabarmu kuwa ko tsotso ɗaya ne ya isa cikin yaron a shekarun shayarwa ya wadatar. Matar gida ta shayar da shi, ko 'yar'uwarta idan namiji ne, ko matar ɗan'uwan maigida idan mace ce, ya tashi a tsakar gida ba a yi masa shamaki ba.

Akwai wani ɗan misali a sharhohin Muhtasar da Bahaushe zai ji kamar a garinsu aka rubuta shi. Malamai sun ce ba a karɓar da'awar wanda ya zo daga baya ya ce tsintaccen yaro ɗansa ne sai da shaida, ko da wani dalili da hankali zai kama, suka ba da misalin mutumin da aka san 'ya'yansa ba sa rayuwa, sai ya ji ana cewa idan an jefar da jariri yana tsayawa, shi ya sa ya ajiye shi. Wannan ai shi ne ɗan wabi, kuma daga nan sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Ajefas suka samo asali. Camfin ba abin koyi ba ne, amma misalin ya nuna cewa fuƙaha'u ba su ɗauki kowane yasasshen yaro a matsayin ɗan gaba da fatiha ba. Sun san akwai yunwa, akwai taɓin hankali, akwai tsoro. Wanda ya kira tsintacce shege ya yi magana a kan abin da bai sani ba. Ko da ma ta tabbata, Nana A'isha (RA) ta kafa hujja da Alƙur'ani cewa babu komai na zunubin iyayensa a kansa.

Su wane ne waɗannan uwaye a yankin Gummi, Bukkuyum da Anka a yau? Wanda ya san ƙasar ba zai yi saurin amsawa da kalma ɗaya ba. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna tayar da ƙauyuka. Harin farkon watan Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ɗaya ne kawai daga cikin waɗanda duniya ta ji. Garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira. Gummi ta karɓi nata rabon, sannan ambaliyar watan Agustan 2024 ta rusa gidaje da dama a cikin garin. Kungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ta zo yankin tun lokacin gubar dalma da ta kashe yara kimanin 400 a Anka da Bukkuyum a 2010, ta sha bayyana damuwa a kan fyaɗe da tamowa a Zamfara. A cikin matan da aka sace aka tsare a daji makonni ko watanni akwai matan aure, akwai 'yan mata, kuma wasu da ciki suke dawowa. Akwai wadda aka kashe mijinta tana da ciki, ga huɗu a gabanta ba ta san abin da za su ci gobe ba. Akwai 'yar talla da wani babba ya yaudara da kuɗin cinikin rana ɗaya. Akwai kuma wadda ta yi saɓon da gangancinta, ba za a ce babu ba. Jaririn da ke kuka a kango bai san ko ɗan wacce ce a cikinsu ba, mu ma da muka tsince shi ba mu sani ba.

Inda gizo ke saƙa

A nan dole a faɗi abin da yake da nauyin faɗa. Mazhabar Malikiyya ta bambanta da ta Abu Hanifa da Shafi'i da mashahurin zancen Ahmad a kan cewa bayyanar ciki ga macen da ba ta da miji hujja ce ta zina, sai in ta kawo alamar cewa tilasta ta aka yi. Zamfara ta ga yadda wannan yake aiki tun a shekarar farko: a watan Satumban 2000 wata kotu a Tsafe ta yanke wa wata matashiya mai ciki bulala, aka zartar da 100 a watan Janairun 2001 bayan ta haihu, mazan da ta ambata kuwa suka musa, suka tafi abinsu. Ba sai na maimaita sunanta ba, ta sha ambato ya isa. Daga baya manyan kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a suka wanke Safiya Husaini a Sakkwato a watan Maris na 2002, da Amina Lawal a Katsina ranar 25 ga Satumba, 2003, da hujjoji daga cikin fiƙihun Malikiyya kansa, ciki har da damar janye iƙirari da mas'alar kwantaccen ciki ga bazawara. Alƙalai sun san waɗannan hukunce-hukunce. Yarinyar ƙauye ba ta san su ba. Abin da ya iso kunnenta shi ne ciki kaɗai yana iya kai mutum gaban alƙali, ita kaɗai.

Tambayar da ke gaban malamai ita ce: dokar da ta ce wa ungozoma ta karɓi jariri ba tare da ta kai rahoton uwarsa ba, ta soke haddi ne? Ni dai ban ga haka ba. Haddi yana wajaba ne idan magana ta isa ga mai hukunci, kamar yadda ƙissar Safwanu ɗan Umayya da ɓarawon mayafinsa ta nuna, inda Manzon Allah (SAW) ya sanar da shi cewa lokacin afuwa shi ne kafin a kawo ƙara. Ungozoma ba alƙali ba ce, kuma babu nassin da ya ɗora mata aikin kai ƙara. Abin da ya zo a nassi akasin haka ne: an hana bin diddigin asirin mutane a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, kuma Manzon Allah (SAW) ya nuna wa Hazzalu, wanda ya tura Ma'izu ya je ya yi iƙirari, cewa da ya rufa masa asiri da ya fi masa alheri. Matar nan Bagamidiya da ƙafarta ta zo, aka mayar da ita har ta haihu, aka sake mayar da ita saboda shayarwa; ran yaron aka sa a gaba. Shi kuwa hukuncin yasar da yaro ta'aziri ne, yana hannun shugaba, yana da ikon ya ce wadda ta jefar a masai hukuncinta daban, wadda ta miƙa a hannun amintacce ba ta da laifin yasarwa, domin a haƙiƙa ba ta yasar ba.

Masu cewa wannan zai sauƙaƙa wa mutane alfasha suna da abin dubawa, kuma ba a raina kishinsu. Sai dai a auna da kyau. Wanda shaiɗan ya ja zuwa saɓo ba ya tsayawa lissafin inda za a kai jariri bayan wata tara. Lissafin yana zuwa ne daga baya, lokacin da ciki ya fito, kuma zaɓin da ke gabanta a lokacin su ne maganin zubar da ciki na kan titi, ko shaƙe jariri, ko juji. Kowanne a cikinsu ya fi na farkon muni ko ya ninka shi, kuma Suratut Takwir ta riga ta gaya mana cewa wadda aka binne da rai za a tambaye ta laifin da aka kashe ta a kansa. Rufe ƙofar asibiti bai taɓa mayar da ciki baya ba.

Damuwar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta nasaba. Idan uwa ta tafi ba suna ba alama, wa zai hana yaron ya girma ya auri 'yar'uwarsa bai sani ba? Shi ya sa akwatin da ba a ganin fuskar kowa bai dace ya zama hanyar farko a wurinmu ba. Tsarin ambulan da aka rufe ya fi: a rubuta abin da uwar ta yarda ta faɗa, sunanta, garinsu, sunan uban in ta ambata, a ajiye a hannun alƙali ɗaya da doka ta ɗora wa amanar, ba a buɗewa sai don maslahar yaron, kamar lokacin aurensa, kuma ba a karɓarsa a matsayin shaida a kanta. Wadda ta ƙi faɗin komai ma a karɓi jaririn, domin kiyaye rai yana gaba da kiyaye nasaba a jerin manufofin Shari'a. A kuma bar mata wa'adin da za ta iya dawowa ta karɓi abinta. Zafin naƙuda da firgici suna sa mutum ya yanke abin da zai yi nadamarsa bayan kwana bakwai.

Sai haɗarin masu cinikin jarirai, wanda ba baƙo ba ne a Nijeriya. Maganinsa shi ne abin da Shehu Halil ya ce tun farko, kafa shaida. Kowane jariri da aka miƙa a rubuta shi a gaban ma'aikata biyu, a sanar da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma da kotu cikin kwana ɗaya, kuma kada wani ma'aikaci ya sami ikon ba da shi ga kowa da kansa. Kotu ce za ta damƙa shi ga mai riƙo bayan bincike, kamar yadda Umar bai bar wa Sunainu yaron ba sai da aka shaide shi.

Nijeriya ta taɓa yin irin wannan gyara a wani fagen. Shekaru da yawa asibitoci suna ƙin taɓa wanda aka harba sai an kawo takardar 'yan sanda, mutane suna mutuwa a bakin ƙofa, har aka sanya hannu a dokar 2017 da ta wajabta a fara ba da magani, ta kuma hana a wulaƙanta wanda ya taimaka ya kawo mai raunin da tambayoyi marasa dalili. Wanda ya tsinci jariri ma yana bukatar irin wannan kariya. Mutum nawa ne suka ji kuka a kango suka ƙara sauri, don kada a ce su suka san yadda aka yi?

Kayan aikin kuwa akwai su. Zamfara tana da Hukumar Zakka da Wakafi, wadda ita ce mafi kusa da baitulmalin da littattafai suke nufi. Tana da Hisba da majalisar malamai. Ta kuma amince da dokar kare yara a 2022. Akwai babban asibiti a Gummi, akwai a Anka, akwai a Bukkuyum. Amma tun da mafi yawan matan jihar a gida suke haihuwa, kuma hanyar dare ba ta biyuwa a ƙauyuka da yawa, dokar da ta tsaya a kan manyan asibitoci kaɗai za ta zama ado. Sai an sa ƙananan asibitocin ƙauye a ciki, a kuma yarda ungozomar gargajiya ko wata dattijuwa ta kawo jaririn a madadin uwar ba tare da an tsare ta ba. Kai jariri ɗan kwana ɗaya gidan marayu a Gusau ma ba shi ne mafita ta farko ba. Gidan riƙo a cikin garinsu, da mai shayarwa da hukumar zakka take biya duk wata, ya fi kusa da abin da Umar ya yi, ya kuma fi sauƙi.

Gummi ba baƙuwar irin wannan tattaunawa ba ce. Garin ne ya haifi Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1967, kuma a 2013 Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi ya bar kujerar Babban Jojin Abuja ya hau gadon sarautar garin. Ƙaramar hukumar tana da kujeru biyu a majalisar dokokin jiha. Ƙudurin da ake magana a kansa ba zai wuce shafi uku ba, kuma ɗan majalisa ɗaya ya isa ya gabatar da shi idan malamai suka tace shi suka sa albarka.

Kafin a kai can, akwai abin da ba ya jiran majalisa. Limamin Juma'a yana iya karanta wa jama'a babin laƙiɗi kamar yadda yake a Muhtasar, ya gaya musu cewa ɗaukar hoton tsintaccen jariri a watsa ba ya cikin farillar da aka ɗora musu, lulluɓe shi da kai shi asibiti su ne a ciki. Shugaban asibiti kuma yana iya zaunar da ma'aikatan dare ya faɗa musu abin da za su yi idan mace ta shigo da ƙarfe uku da ƙunshin zane a ƙirjinta: a karɓi jaririn a ɗumama shi, a duba cibiyarsa, ita kuma a kwantar da ita a duba ko jini ya tsaya, tun kafin a tambaye ta daga ina take.